Daga Damagaram zuwa bakin teku: yadda muka tsara tahiyar kwana 14 da Kawu

Maganar ta taso ne a ƙofar gidan Yaya cikin Birni, wani dare bayan isha'i a watan Oktoba na 2022, an sha shayi na farko ana jiran na biyu sai Kawu ya ce shi fa ga shi ya kai shekara 71, ya je Makka ya hango ruwa ta tagar jirgi, amma bai taɓa tsayawa da ƙafarshi a bakin teku ba, kuma yana so kafin Allah ya karɓi abinshi ya ga wurin nan da ake cewa daga nan ake loda bayi cikin jirgin ruwa. Yaya da ya yi shekaru yana zuwa Kwatano sayo motoci ya ce, "Kawu ai wannan ba wani abu ba ne, kwana biyu na kai ka." Ni kuma nan take na ce a'a. A kan wannan a'a ɗin muka yi wajen sati shida muna ja-in-ja ni da Yaya, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan, don na lura mutane da yawa in za su yi doguwar tahiya da iyali kilomita kawai suke ƙirgawa da kuɗin esansi, ba su tuna wanda zai zauna a kujerar baya.

Mu biyar ne. Ni da uwargidana, Yaya, ɗan Yaya da ke karatun tarihi a jami'a nan Damagaram, sai Kawu, ƙanen mahaifiyarmu. Mota ta Yaya ce, masu tuƙi mu biyu ni da shi. Kawu yana da hawan jini da ciwon gwiwa, in ya yi awa biyu a zaune sai an tsaya ya miƙe ƙafa ya kewaya, kuma mutum ne mai kara, ba zai taɓa buɗe baki ya ce ku tsaya na gaji ba, sai dai ka ga ya yi shiru yana murza gwiwa. Ni kuma konje na sati biyu na samu a wurin aiki, ba ƙari.

Abu na farko da muka yanke shi ne hanya. Daga Damagaram teku ta fi kusa ta Najeriya, Kano ma ba ta kai kilomita 250 ba ta Matamai da Daura, kuma akwai abin gani, Kusugu, ganuwar Kano, Zariya. Amma a shekarar ne aka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna cikin watan Maris, hanyar mota ma kowa tsoronta yake, ga shi daidai lokacin ana ta maganar canjin takardun naira. Ta Benin kuwa sefa ɗaya muke kashewa, faransanci ɗaya, agogo ma ɗaya, kuma Yaya ya san hanyar kamar tahin hannunshi. A kan wannan dai ba mu yi gardama ba. In faɗa tun yanzu, wannan tahiya an yi ta ne a Disamban 2022, kafin a ruhe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, saboda haka wanda zai bi sawunmu ya fara tambayar halin da gada take ciki da takardun da ake nema yanzu kafin ya ɗaura kaya.

Gardamar a kan kwanaki take. Tsarin Yaya shi ne na ƴan kasuwa: a tashi ƙarhe huɗu na asuba, a bi gudron ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, a kwana Gaya, wajen kilomita 900 ke nan a wuni ɗaya, washegari a tsallaka gada a cinye sauran 700 da wani abu zuwa Kwatano. Ban ga laihinshi ba wallahi, shi haka ya saba, kowane dare a hanya kuɗi ne ke hita daga ribar mota, kuma a ganinshi gara a sha wuya kwana biyu a huta kwana goma a bakin ruwa. Abinda na kasa fahimtar da shi da farko shi ne jikin mai shekara 45 da ke riƙe da sitiyari daban yake da jikin tsoho da ke naɗe a baya, kuma in ka kai Kawu teku ƙafa a kumbure jini ya hau, to asibiti ka kai shi.

Nima tsarina na farko bai yi ba. Na zauna da Google Maps na dinga zuba garuruwa, Lugu garin Sarauniya, raƙuman dawa na Kure, Nikki ta Bargawa, Porto-Novo, har Lome na saka, wuri ashirin da ɗaya cikin kwana 14. Na kai ma uwargida takardar ta duba, ta karanta har ƙasa sannan ta ce, "Malam, to a ina za mu wanke kaya? Kuma yaushe Kawu zai yi ƙailula?" Wannan tambayar ce ta rushe takardar gaba ɗaya, kuma gaskiya ta fi mu gani mu duka biyu. Waya tana gaya maka awa uku da rabi daga nan zuwa can, ba ta san peyaj ba, ba ta san jandarma za su tsaida ka su duba takardu ba, ba ta san garken shanu zai tare hanya ko ranar kasuwa ce a ƙauyen da gudron ya ratsa tsakiyarshi ba, balle salla da abinci.

Sai muka juya lissahin. Muka fara da wurin kwana, wato kowane dare ina za mu sa haƙarƙari, wa muka sani a garin, in babu wane otel ne ke da ɗaki a ƙasa don Kawu ba ya hawa bene. Bayan an tsaida wuraren kwana sannan muka duba me ke tsakaninsu da za a iya tsayawa a gani. Muka yi alkawari da junanmu a gaban Kawu cewa magariba ba za ta same mu a hanya ba ko da saura kilomita 30 ne, saboda kamiyo masu hitila ɗaya, amalanken jakai da ba su da hitila sam, da kuma yanayin arewacin Benin inda tun ƙarshen 2021 ake jin labarin hare-hare wajen dajin W da Penjari. Muka ce wuni kar ya wuce kilomita 400. Ni kuma na dage a bar kwana ɗaya fanko, ba a rubuta mishi komi ba. Yaya ya ce asara ce, na ce a bar shi dai. Lugu ta hita don hanyar ƙasa ce mai nisa daga Dutsi, Kure ta hita don tana hanyar Yamai, Nikki da Lome da Porto-Novo duk suka hita. Ɗan Yaya ya ji zahin Lugu sosai, har yau yana min mita.

Takardu su ne suka kusa ɓata mana komi. Na mota Yaya ya san su: kart giriz, permi, asurans, bizit teknik, da katin nan mai ruwan ƙasa na CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da a lokacin ke tsaya maka in ka yi haɗari a wata ƙasar, sai lesepase na mota da ake yanka wurin duwan a iyaka. Namu na jiki katin ɗan ƙasa ya isa a lokacin. Abinda ya rage shi ne katin rigakahi mai ruwan ɗorawa, na ciwon shawara. Kowa ya ciro nashi sai Kawu, ya ce yana cikin jakar Makka, aka zazzage jaka babu. To allurar nan sau ɗaya ake yi ta isa har ƙarshen rai, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, mu kuma saura kwana shida mu tashi. Dole na koma wurin aiki na roƙi a matsa min konje da sati ɗaya, Allah ya sa aka yarda. Laihinmu ne, sati shida muna gardamar hanya ba wanda ya ce a kawo takardu a baje a tabarma a gani. A wannan zuwan ne ma likita ya auna Kawu ya rubuta mishi maganin wata guda, uwargida ta raba shi biyu, rabi a jakarta rabi a aljihun mota.

Kuɗi kuwa asusu ɗaya muka yi, ɗan Yaya ya riƙe kaye yana rubuta ko dala biyar aka kashe. Zuwa da dawowa da ƴan kewaye-kewaye mun ƙiyasta kilomita 3,600, motar tana shan wajen lita 10 a kilomita 100, esansi a lokacin sefa 540 ne a Nijar, ya kama jikka 195 ke nan, wato sefa dubu 195, muka ware jikka 250 don farashin Benin daban yake. Yaya ya kafa sharaɗi guda da na ji daɗinshi, ba za a zuba man kwalba ba, ko na ƴan ruwa-ruwa namu ko wanda suke kira kpayo a can, sai na gidan mai, kuma in tanki ya kai rabi a cika. Makanike ya yi bidanj, ya canza kuruwa da birki, muka sayi tayar sukur ta biyu muka ɗaure a sama. Uwargida ta yi dambu da ƙuli-ƙuli da garin fura, muka ɗauki jarka biyu na ruwa da buta da tabarma da kayan shayi. Kawu kuma shi ya kawo maganar salla, ya ce ƙasaru za mu dinga yi tunda babu garin da muka yi niyyar zama kwana huɗu, wannan ma ya shiga lissahin tsaye-tsaye.

Ranar farko da gangan muka yi ta gajera, Damagaram zuwa Maraɗi, wajen kilomita 235, don mu ga yadda jikin Kawu zai karɓi mota. Hunturu ne, hazo ya ruhe gari, gonaki duk an girbe sai karan hatsi da rumbuna da gawo da ya yi ganye shar shi kaɗai. Bayan Takeita, kafin Tasawa, muka tsaya Maijirgi inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, turawan Faransa biyu da suka taho da runduna a 1899 suna ƙona garuruwa tun daga bakin Kwara har sojojinsu suka kashe su a watan Yuli na shekarar. Yaya ya tsaya yana kallon wurin ya ce shi ya wuce nan ya fi sau ɗari bai taɓa sanin akwai wani abu ba. Ɗanshi ya ce, "Baba ai ragowar rundunar nan ce ta ƙarasa ta ci Damagaram," ya ba shi labarin yadda aka kashe wani hafsan sojan Faransa mai suna Cazemajou a garinmu a 1898 zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, abinda turawan suka zo ramawa ke nan. Daga ranar na ga Yaya ya fara sassautowa, duk da bai faɗa ba. Muka sayi kilishi a Tasawa, muka kwana gidan ƴar'uwarmu a Maraɗi.

Rana ta biyu ce ta gwada tsarin. Niyya mu kwana Dogon Dutsi, wajen kilomita 385. Mun wuce Tsibirin Gobir, Gidan Rumji, Madawa inda uwargida ta tsaya cinikin tabarmin kaba, mun shiga Galmi ƙamshin albasa ya cika mota, fadama kore shar ana ta dashe, wannan albasar ce ake lodawa kamiyo-kamiyo zuwa Kwatano da Akara da Abijan. Muna hita garin kaɗan tayar baya ta fashe, Allah ya taimaka Yaya ke tuƙi kuma ba gudu yake ba. Canza taya ba wuya, matsalar ita ce ƙarhen ƙafar ya lanƙwashe, sai da muka lallaɓa zuwa Malbaza aka buga shi, awa uku ta tahi. Muka isa Ƙonni la'asar sakaliya. Yaya ya ce saura kilomita 145 kacal, a taka a shiga Dutsi da isha'i. Na ce mun yi alkawari. Muryoyi suka fara tashi a gidan mai, sai Kawu ya leƙo ta taga ya ce, "Ku ƴaƴan nan, ni dai a Ƙonni zan yi magariba." Shi ke nan magana ta mutu. Kwanan nan fanko da Yaya ya kira asara, a nan ya shige, muka matsa komi da wuni ɗaya ba tare da mun cire Abome garin sarakunan Dahome ko Wida ta bakin teku inda ake loda bayin ba.

Kuma jinkirin ya zo da alherinshi, don da sahe wani dattijo a masallaci ya zagaya da mu inda tsohuwar ganuwar Ƙonni take, garin da rundunar nan ta 1899 ta yi ma kisan da har yau ba a manta ba. Muka wuce Dutsi muna kallon jajayen duwatsun Arewa, muka kwana Doso, muka ga fadar Zarmakoy da aka gina a 1904. Daga Doso ka juya gusum ƙasa ta fara canza kama, itatuwa suna ƙara tsawo, giginya ta yawaita, kafin Gaya har iska ta yi laushi. Iyaka ta ci mana awa biyu da wani abu, mafi yawa wajen takardar mota, kuma an tambayi katin rigakahi ɗaya bayan ɗaya, da aka zo kan na Kawu muka kalli juna ni da Yaya. A kan gadar Kwara Kawu ya ce a rage gudu, ya daɗe yana kallon ruwa da ƴan kwale-kwale. Malanbil hausa ake yi a kasuwa kamar kana Maraɗi. Muka kwana Kandi, ƙasar auduga, kamiyo cike da ita fari fat suna ta wucewa.

Kandi zuwa Paraku ba nisa, wajen kilomita 215, muka isa da azahar, a nan aka yi wankin da uwargida ta tambaya tun a gida. Wani abu da Yaya ya koya mana kuma ya yi amfani ƙwarai, duk garin da ka shiga a kudu ka tambayi Zongo, can za ka samu masallaci da abincin da ba ka shakkar yankanshi da mai jin hausa da zai nuna maka masauki. A Paraku muka ci sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, cukun Fulanin wajen, Kawu da ba ya cin abin da bai sani ba har ƙari ya nema. Washegari ta Sabe da Dasa, duwatsu manya-manya cikin kurmi, mata a bakin hanya da garin rogo a leda da doya tuli-tuli, zahi kuma ya sauya, ba irin namu mai busar da leɓe ba, wannan gumi ne ke tsatsowa ko kana zaune. Muka shiga Bohikon muka karkata Abome.

Abome wuni guda cur muka ba ta kuma ta cancanta. Fadojin sarakunan Dahome ne, sarki goma sha biyu kusan kowa ya gina tashi kusa da ta waɗanda ya gada, UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya a 1985. Ginin jar ƙasa ne, jikin bango an yi zane mai tudu, kowane sarki da alamarshi, Gezo ɓauna, Glele zaki, Behanzin kihin nan mai cin mutane, Kawu ya shafa bangon ya ce wannan ai aikin maginanmu na Birni ne sai dai su dabbobi suke zanawa. Mai zagayawa da mu ya ba mu labarin rundunar mata, da yadda Behanzin ya yi yaƙi da Faransa har suka kama shi a 1894 suka kai shi Martinik, ya rasu a Aljeriya a 1906, da kayan fada 26 da Faransa ta maido a Nuwamban 2021 bayan sun yi fiye da shekara 120 a hannunta. Amma bai ɓoye ɗaya gehen ba, dukiyar fadar nan da yawanta daga yaƙi da saida mutane ta zo, ana kora su zuwa Wida. Da dare a masauki Kawu ya kasa barci, ya kira ni ya ce, "Ɗana, kar mu zo nan mu yi ta la'antar mutane, mu ma Damagaram an saida bayi, zamanin Tanimun ayari na hita da su ta hamada zuwa Turabulus, kakata ta ba ni labarin kasuwar." Ban taɓa jin ya yi wannan maganar a gida ba.

Daga Abome zuwa Wida ba nisa, ta Alada ƙasar abarba, muka sha har ta ishe mu. A Wida mun ga ganuwar turawan Fotugal ta 1721 daga waje, ɗakin mesa kuwa Kawu ya ce ba da shi ba, yaron da uwargida suka leƙa. Abinda ya kawo mu shi ne hanyar bayi, wajen kilomita 4 daga cikin gari zuwa bakin ruwa. A tsarinmu da mota za a yi ta, Kawu ya ce a sauke shi ya taka ko kaɗan ne, ya taka wajen rabin kilomita da sandarshi ina riƙe da hannunshi, sannan ya yarda ya shiga mota. A ƙarshen hanyar akwai ƙofar nan da aka gina a 1995, wadda suke kira ƙofar da ba a dawowa, an zana layin mutane ɗaure suna fuskantar ruwa. Bayanta sai teku.

Na ga Kawu ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya tako cikin yashi a hankali, ƙarar ruwan kamar hadari na tasowa ba ya ƙarewa, igiya ta zo ta jiƙa mishi ƙafar wando ta koma ta janye yashin ƙarƙashin ƙafarshi har ya yi tangaɗi na riƙe shi. Ya duƙa ya ɗebo da tahin hannu ya ɗanɗana ya tofar ya ce, "Ashe da gaske gishiri ne." Ɗan Yaya ya gaya mishi cewa cikin waɗanda aka loda daga wannan gaɓar akwai hausawa da yawa, an kai su Bahiya a Barazil, sun shirya tawaye a 1807, kuma a 1835 cikin watan azumi bayi musulmi suka tashi a birnin Salbado, an samu layu da rubutun larabci a jikinsu. Kawu ya yi shiru ya daɗe, sannan ya tambayi ina gabas, muka shimfiɗa mishi tabarma nesa da ruwa ya yi raka'a biyu ya zauna yana addu'a, mu huɗu muna tsaye a bayanshi. Yaya ne ya fara share ido da hannun riga. Da an bi tsarin kwana biyu, ban jin Kawu zai iya taka wannan yashin.

Gran Popo muka yi wunin hutu, ƙarƙashin kwakwa, masunta suna jan taru da waƙa, muka sayi kihi aka gasa mana. Gargaɗi ɗaya da kowa a wurin ya yi mana kuma nake maimaitawa, tekun wannan gaɓar tana da ja, tana ɗauke har wanda ya iya ruwa, mu ƴan tudu iyakarmu idon sawu. Kwatano wuni ɗaya, kasuwar Dantokpa, ƴan kabu-kabunsu masu riga ruwan ɗorawa da suke kira zemijan kamar fari, gunkin jarumar mace da aka ƙaddamar a Yulin 2022, masallacin Zongo, sai Yaya ya kai mu muka hango tashar jiragen ruwa inda a lokacin mafi yawan kayan Nijar ke sauka. Ganbiye, garin da ke kan ruwa, mun bar shi don gwiwar Kawu ba za ta shiga kwale-kwale ba.

Inda tsarin ya gaza kuwa shi ne dawowa, kuma wannan nawa ne ni kaɗai don ni na rubuta shi. Zuwa na ba shi kwana biyar da tsaye-tsaye, dawowa na rubuta kwana huɗu kawai kamar wani abu ne da zai yi kanshi, alhali hanya ɗaya ce, kilomita 1,600 da ɗoriya, kuma jikin da zai bi ta ya riga ya gaji. In ka raba za ka ga kusan kowane wuni ya kai ko ya wuce 400 ɗin da muka yi alkawari: Kwatano zuwa Paraku, Paraku zuwa Gaya da iyaka a ciki, Gaya zuwa Ƙonni, sannan Ƙonni zuwa gida wajen 475 a ranar ƙarshe. Kwanan fanko kuma an riga an cinye shi tun a Galmi. Ga boot cike da abarba da garin rogo da atamfa, tabarmin Madawa a kan cinya, ba wurin miƙe ƙafa. Tun daga Doso ƙafar Kawu ta fara kumbura, bai faɗa ba, uwargida ce ta gani da zai yi alwala takalmi ya ƙi hita. Da zan sake, Gran Popo da Wida zan haɗe su masauki ɗaya in rage kwashe kaya, Kwatano in bar ma Yaya shi kaɗai, in ba dawowa kwana biyar da nata kwanan fanko daban, kuma tsaraba sai a aiko ta a motar kaya. Kuɗi ma sun haura abinda muka ware da wajen jikka 60, taya da ƙarin kwana biyu ne suka ci.

A rana ta 14 muna shiga Maraɗi da azahar, saura 235 mu kai gida, lokaci ya isa sarai a shiga Damagaram kafin magariba kuma washegari ne ya kamata in koma aiki. Na buɗe baki zan ce a wuce, sai Yaya ya kashe mota a ƙofar gidan ƴar'uwarmu ya ce, "Nan za mu kwana, a nemo likita ya duba ƙafar Kawu, kai kuma ka kira wurin aikinku ka ba su haƙuri." Na kira. Aka auna jini aka ce ya ɗan hau amma ba na tsoro ba, aka sa ya ɗora ƙafa kan matashi ya kwana.

Washegari da hantsi muka kama hanya, muka wuce Maijirgi Yaya ya rage gudu ya nuna wurin da hannu, muka tsaya Takeita Kawu ya miƙe ƙafa. Da duwatsun Damagaram suka fara bayyana cikin hazo sai ya ce ma jikanshi ya lalubo mishi gorar nan ta ƙarƙashin kujera, ta lita ɗaya da rabi da ya cika a Wida, yashi ya kwanta a gindinta. Ya ce in an sauka a fara biyawa gidan Inna, yayarshi, ita ma ba ta taɓa gani ba, yana so ta ɗanɗana.